Hannuna a Bangon Rumfar Zinki

Kun sha jin labarin nan a bakin mutane, kowa da irin gishirin da yake zuba masa. Wasu sun ce muku na hau tebur a tsakiyar kasuwa na yi rawa. Wasu sun ce iskokai ne suka buge ni. Ko a bikin yayarku Nafisa sai da na ji wata tana raɗa wa ƙawarta cewa ai ni ce matar nan da ta wanke kunyarta a gwangwanin boya, wato fenti. Na gaji da gyara wa mutane zance ɗaya bayan ɗaya. Kai Usman, ke Sadiya, da kai auta da ba a ma haife ka ba a lokacin, ga yadda aka yi. Karatuna bai yi nisa ba, amma idona bai taɓa barci a kan abin da ya shafe ku ba.

Rumfar Zinki da kuka sani yau ba haka take ba a shekarar. Lokacin da aka kawo ni gidan babanku tana cike maƙil: masu gasa naman agashe a baki, masu toya fallayen kisra na dawa a ciki, mu masu godo-godo, geron da ake damawa da nono, a jikin bango. A gabanta loriyoyi suke tsayawa su kwashi ma'aikata zuwa gonaki, kuma wanda zai yi wata biyu a daji ba ya hawa mota da yunwa. Sai aka mayar da tashar loriyoyin can kusa da babbar kasuwar hatsi, ciniki ya bi su kamar yadda kaji ke bin mai tsaba. Muka rage 'yan tsiraru, mu da awaki. Rufin ya huje, damina ta zo, laƙar Gadarif mai cire wa mutum takalmi ta shigo har gindin tukwanenmu. Ni ina gefe da ƙwaryar godo-godo, kusa da ni Hajja Talatu mai shayi, wadda bakinta ya fi garwashinta zafi. Wani yinin mu biyu muke saye da sayarwa a tsakaninmu, ta ba ni shayi in ba ta godo-godo, mu tashi.

A gida kuwa Habboba ce, mahaifiyar babanku. Ba muguwa ba ce, kada wanda ya ce muku haka. Mace ce da ta riƙe abin da iyayenta suka taho da shi daga yamma, ƙasar Hausa, kamar yadda ake riƙe garwashi a toka, don kada ya mutu a ƙasar mutane. Cikin abin da ta riƙe har da kunyar ɗan fari. Ni ma da ita aka raine ni, ban ga baƙon abu ba. Nafisa ce ta farina, saboda haka ban taɓa kiran sunanta ba. "Ke" ce, ko "'yar nan", ko in ce da kai Usman ka kira mini waccan. Ban goya ta a gaban mutane ba. In ta faɗi ta fasa gwiwa, sai in ci gaba da tankaɗe ina jiran wani ya ɗaga ta. Ni kuwa Allah ya yi ni mai fargaba. Tari ɗaya ta yi, na riga na ga makara. Da asuba kafin kowa ya motsa nakan sa bayan hannuna a goshinta in ji ko da zazzaɓi, in janye kafin ta farka. Tsokar da ta fi kyau a miya nakan tura ta ƙarƙashin tuwo ta gefen da take ci. Duk wannan ba ta sani ba, don an yi shi ne yadda ba za ta sani ba.

Ana gab da yankan riɗi Habboba tana dakan gahawar jabana a tsakar gida ta ce, kamar mai zancen farashin albasa, Rabi ta daɗe a ɗakin miji Allah bai ba ta haihuwa ba, za ta zo daga Showak ta tafi da yarinyar nan ta riƙe. Gwaggonku Rabi ke nan, ƙanwar babanku. Ba ni ake gaya wa ba, a gabana dai aka faɗa. Ba a tambayar uwa a kan ɗan fari. In ma an tambaye ta an zage ta, don an nuna tana da bakin magana a kansa. Abin da ake jira daga gare ni shi ne in ci gaba da wanke-wanke, na kuwa ci gaba, har na wanke kwano ɗaya sau ban san adadi ba. Da na sami babanku shi kaɗai na kewaya zancen ta nesa, na ce Showak akwai kogi, yara suna faɗawa. Ya ce abin da tsohuwa ta yanke ya yanku, kuma ai Rabi ba bare ba ce. Washegari ya ɗaure lauje da bargo ya hau lori zuwa gonakin Doka.

A daidai wannan lokacin, da kaina yake cike da wannan, Allah ya haɗa mu da lajna, wato kwamiti. Samari ne da 'yan mata na unguwa waɗanda suka yi karatu, shugabarsu Ustaza Intisar mai koyar da zane a makarantar 'yan mata. Uwarta Bahaushiya ce, amma ita a Khartum ta girma, Hausarta tana ɗingishi. Suka zo suka tsaya a tsakiyar rumfa suna kallon rufi suna girgiza kai. Ustaza ta tara mu ta ce rumfar nan ba kuɗi ta rasa ba, ƙauna ta rasa, kuma za su yi bikin ƙauna na yini guda, da zane da kiɗa da lalle, mutane su dawo. Hajja Talatu ta ce ita dai a saninta lori rumfar ta rasa, amma tunda masu ilimi sun ce ƙauna ce, to a kawo ta a gani ko tana shan shayi.

Wahalar da muka sha a makonnin nan, Allah kaɗai ya sani. Suka fitar da mu rana don su shafa farar ƙasa, nonona ya yi ta tsami kafin azahar. Suka mayar da mu ciki bango bai bushe ba, duk tob ɗin da muka lulluɓa da ya goga ya tashi da fari. Suka yanka jajayen takardu wai siffar zuciya ce, suka rataya a igiya. Hajja Talatu ta ɗaga ɗaya ta juya ta, ta ce shekara da shekaru tana sayen zuciya a wurin mahauta ba ta taɓa ganin mai wannan fasali ba. Kafin gari ya waye awaki sun cinye duk wadda bakinsu ya kai, aka sake yankawa, aka ce mu ne za mu riƙa korar awakin. Ga yara suna koyon waƙa a kunnenmu tun safe, baiti ɗaya, har na fara jin sa a cikin tafasar ruwa.

Babban shirinsu shi ne bangon gabas. Kowace mai sana'a za ta zo da mijinta, su tsoma hannu a jar boya su manna a bango gefe da gefe, kuma inda hannunki yake nan ne wurin zamanki a sabuwar rumfa. Sai da suka gama tsara wannan kaf sannan wani ya tuna musu da cewa sun sa bikin a tsakiyar yankan riɗi. Riɗi kuwa ba ya jiran biki. In ya nuna ba a yanke ba, ya buɗe baki ya zubar da kansa a ƙasa. Duk namijin da ke iya riƙe lauje yana Doka ko wani kambo, sansanin ma'aikata, a daji. Ba wanda ya rage a unguwa sai liman, da tsofaffi, da samarin lajna, da Malam Ado makaho. Bikin ƙauna ba maza. Na ɗauka za su ɗaga, sai Ustaza ta ce ba komai, kowace mace ta manna hannunta ita kaɗai, ta faɗi sunan mijinta a makarafon, ita kuma ta rubuta a ƙarƙashi. Muka dubi juna. Aka yi mata bayani a hankali cewa mu ba ma kiran sunan miji, ko a ɗaki balle a ƙahon lasifika. Ta ce to sunan babban ɗa. Wata tsohuwa ta yi salati. Ƙarshe ta ɗaga hannu ta ce halas, shi ke nan, kowa ta faɗi wanda take so, ko wane ne, amma sai an faɗa, in ba haka ba babu wuri. Ga mu da yunwar wuri, ga bango sai an yi magana.

Ana saura 'yan kwanaki Gwaggo Rabi ta iso da jaka. Ta kawo wa Nafisa riga ruwan ɗorawa da ta ɗinka da hannunta, da takalmi, ta ce ta riga ta yi magana da makaranta a can, har ƙaramin gado ta sa an ɗaure mata. Ina faɗa muku wannan don ku san da zuciya ɗaya ta zo. Aka tsayar za su tafi washegarin biki, don yarinya ta yi kallo. Da yamma tana yi wa Nafisa kitso a gindin bishiyar nim, ni ina bayan zana ina dama gero, na ji ta tambaye ta ko za ta yi kewar Ummanta.

"Ita ba ruwanta da ni," in ji Nafisa. "Usman take so. Ni ko sunana ba ta sani ba."

Suka fashe da dariya, Rabi da Habboba da ke zaune gefe. Habboba ta ce ka ji 'yar halak, haka ake son uwa, a yi shekara takwas yarinya ba ta gane komai ba. Yabona ake yi. Ni kuwa ludayin ya tsaya a hannuna har geron ya yi gudaji. Ba kuka yarinyar take yi ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Faɗa ta yi kamar mai cewa gobe Talata.

Ranar biki bayan la'asar rumfa ta cika yadda ban taɓa gani ba tun tafiyar loriyoyi. An ɗaura ƙahon makarafon a kan ginshiƙi, injin wuta yana tari yana mutuwa ana tada shi. Zanen yara a jere a igiya, masu lalle a gefe, 'yan mata suna buga gangar dalluka. Aka ajiye wa Habboba kujera a gaba saboda girmanta, Rabi a gefenta, Nafisa a tsaye cikin rigar ɗorawa, ƙunshin kayanta kuwa tun safe yana ɗaure a bakin ƙofarmu. Maƙwabtanmu Larabawa suka fara. Su abin ba wuya gare su: wannan ta kira mijinta har da kirari, waccan ta jero 'ya'yanta tun daga babba. Wata da 'yarta ke aji ɗaya da Nafisa ta kira yarinyar a ƙaho, ta jawo ta ta sumbaci kanta a gaban kowa. Na saci kallon tawa. Ta kalle su, ta sunkuyar da kai, tana haƙa ƙasa da bakin sabon takalmi.

Da layi ya zo kan namu matan sai aka ga gwaninta. Ta farko ta manna hannu ta ce ita Annabi take so, rumfa ta ɗauki salati. Ta biyu ta ce ita ma haka. Ta uku ma. Ustaza ta fara share gumi, ta roƙe mu da girman Allah a sami wadda za ta ambaci wani ɗan unguwa. Wata ta ce mahaifiyarta mai rasuwa. Hajja Talatu ta karɓi makarafon ta busa shi ta ji yana aiki.

"Ni butar shayina nake so," ta ce. "Ita kaɗai ce ba ta taɓa tafiya Doka ta bar ni ba."

Aka yi dariya har Malam Ado yana buga sanda. Ni ce a bayanta. Na riga na shirya tun gida zan ce mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, in karɓi wurina in koma gindin ƙwaryata. Na tsoma hannu. Boyar tana da sanyi, tana warin fetur. Na manna a bango, na ji ɗumin rana a jikinsa, na cire, ga yatsuna biyar sun fito har da karkataccen ɗan yatsan da turmi ya taɓa dannewa. Ustaza ta kawo makarafon bakina. Ina iya ganin ƙafafun Habboba da zoben azurfa a yatsanta. Abin da ya zo mini ba jarumta ba ce, tsoro ne irin nawa na kullum: na ga bas ɗin gobe, na ga yarinyar a jikin taga, na ga ta girma a Showak ta yi aure ta haihu tana faɗa wa 'ya'yanta cewa uwarta ba ta san sunanta ba. Na buɗe baki.

"Nafisa."

Ni a hankali na faɗa, ƙahon ne bai san a hankali ba. Sunan ya fita ya bugi zinki ya dawo, an ce har masu ɗiban ruwa a bakin famfo sun ji. Shekara takwas yana bakina ban taɓa jin yadda yake a muryata ba. Ustaza, baiwar Allah, da ba ta san abin da ya faru ba, ta yi murmushi ta ce wace ce Nafisa, a gaya wa jama'a.

"'Yata ce," na ce. "Ta fari. Kuma ba inda za ta."

Larabawa suka rangaɗa guɗa, su a ganinsu abin daɗi ne. Namu matan kuwa suka ja tob suka rufe baki. Habboba ta miƙe, ta gyara lulluɓi, ta ratsa taron ta fita ba ta dubi kowa ba. Kuma kada ku ɗauka yayarku ta rugo ta rungume ni kamar yadda Ustaza take ba da labari. Ɓuya ta yi a bayan ginshiƙi, kunya ta kama ta, sai da na je na jawo ta. Na manta hannuna da boya. Yatsu biyar jajaye suka zauna a kafaɗar rigar ɗorawa, Rabi tana tsaye tana kallo. Washegari da safe ta ɗauki jakarta ita kaɗai, na bi ta har bakin titi ina riƙe mata leda. Sai da bas ya tsaya ta juyo.

"Da kin faɗa mini a ɗaki, Kulu."

"A wane ɗakin ake faɗa, Rabi?"

Ita ma ta sani. Da na faɗa a ɗaki da ta yi dariya ta ce kunya ce ta sa nake zolaya, da Habboba ta ce ba a ji ba, da bas ya tafi da mutum biyu. Magana irin wannan a gidanmu ba ta da wurin zama, sai da baƙi suka zo suka gina mata bango.

Abin da ya biyo baya kun ga wani da idonku. Habboba ba ta ƙara cin abincin da na dafa ba. Ta sa aka kafa mata murhu a ƙofar ɗakinta, tsohuwa da ciwon gwiwa tana hura wuta, unguwa tana kallo tana cewa surukarta ce ta jawo. Sunana a bakinta ya koma "mai makarafon". Babanku ya dawo daga Doka a rame, labari ya riga ya same shi a kambo ta bakin direban lori, an ƙara masa da rawa a kan tebur. Ya zauna ya sha ruwa, ya ce duk faɗin Gadarif ban sami inda zan yi magana ba sai bakin ƙaho. Amma bai tura yarinyar ba. Ya ce abin da gari ya ji, in an ɗauke ta yanzu ƙwace ne, ba riƙo ba. Ya tafi Showak da galan na man riɗi ba da haƙuri, ƙanwarsa ta karɓi man ta bar haƙurin. Har yau Rabi ba ta ƙara taka gidan nan ba, kuma ba ta haihu ba. Ƙaramin gadon nan ina tuna shi fiye da yadda kuke zato. A ciwonta na ƙarshe Habboba ba ta iya haɗiye komai sai kunu, ni nake damawa, ke Sadiya ki kai ki ce daga gidan Hajja Talatu ne. Ta san hannuna a kunu sarai. Takan shanye ta ce a gaya wa Talatu ta rage tsamiya.

Rumfa kuwa ta tashi, amma ba yadda lajna ta tsara ba. Zukatan takarda iska ta kwashe su a mako guda. Abin da ya kawo mutane shi ne hannuna. Mata daga unguwanni masu nisa suka riƙa hawa raksha, keken nan mai ƙafa uku, su zo ganin inda marar kunya ta manna hannu, su sa Ustaza ko wani ɗan makaranta ya karanta musu sunan da ke ƙasa, su tafa hannu su yi salati. Tsayuwa tana kawo ƙishi, sai su sayi godo-godo a wurina suna kallona ta wutsiyar ido. Masu raksha suka ga ana zuwa suka mai da bakin rumfa tasha, mai agashe ɗaya ya dawo, wani ya bi shi. Ustaza Intisar har gobe tana cewa ƙauna ce ta raya kasuwa. Hajja Talatu ta ce gulma ce, kuma a bar raina ta, ta fi ƙauna jan ciniki.

Ban rubuta wannan don neman gafarar kowa ba. Da za a mayar da ni gaban bangon nan, abin da na faɗa shi zan faɗa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na gani bara, da Nafisa ta haifi ɗanta na fari. Na je gidanta bayan suna, ɗaki cike da dangin miji. Yaron ya yi kuka, sai ta kau da kai ta turo mini shi ta ce, "Umma, karɓi wannan." Wannan. Na tambaye ta sunansa, alhali da ni aka ci ragon. Ta ja mayafi ta rufe fuska, uwar mijinta tana ta sa mata albarka, wai an ga 'yar gidan mutunci. Na ji kamar in kurma ihu. Murhun Habboba, da Rabi, da shekarun da na yi ana nuna ni da baki, duk don wannan 'yar ta zo ta ce mini "wannan".

Da ɗakin ya rage na ce mata to madalla, ta yi kunyarta, amma ta sani duk ranar da wani ya zo da jaka ɗaukar yaron nan, makarafon yana nan a wurin Ustaza, boya kuma ba ta ƙare a Gadarif ba. Ta ce haba Umma, fuskarta a bango. Na yunƙura zan tashi da shi in kai shi waje ya sha iska, sai na ji ya ƙi tahowa. Na duba. Hannunta ne ta ƙarƙashin mayafi, ta riƙe ƙafarsa gam, ashe tun da ta miƙo mini shi ba ta saki ba.